Ni Ce Mai Cewa Ruwa

Shekara arba'in da biyar ke nan bana da rasuwar mijina, Istifanus kafinta, wanda unguwarmu a Kafanchan ta fi sani da Baban Ladi. Da damina ya tafi, can ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da ganyen citta ya rufe ƙasa a gonaki. Yawancin waɗanda suka zauna da shi sun bi shi. Duk shekara 'ya'yanmu kan taru a gidan nan, a dafa gwate, a rera waƙoƙin da yake so, fasto ya tashi ya ce marigayin mutumin kirki ne. Gaskiya yake faɗa, sai dai ranar da muka rufe Baban Ladi ba a haifi faston ba tukuna, abin da aka gaya masa yake maimaitawa. Shi ya sa bana na ce bari in rubuta da hannuna tun ina iyawa. Karatuna bai wuce aji huɗu na makarantar mishan a Madakiya ba, masu karatu su yi haƙuri da ni inda na karkace.

Wurin aikinsa rumfar kwano ce a bayan gida, tsakanin ɗakin girki da bishiyar fiya. Akwai dogon tebur da ya kafa da kansa, zarto da hama da cizal suna rataye a bango, kowanne da ƙusarsa. A nan ya yi bencin majami'u da dama a ƙasar nan, da ƙofofi da tagogi, da akwatin gawa in an yi rashi. Cikin kayansa duka wanda ya fi ji da shi shi ne filen, wato abin da ake turawa a kan katako yana fere shi har ya yi sumul. Jikin filen ɗin itace ne, amma a tsakiyarsa ake cusa wani faffaɗan ƙarfe mai kaifi, shi ne ke yin aikin. Ogan da ya koya masa sana'a ne ya ba shi ƙarfen nan ranar da ya sallame shi. Yakan ce irinsa ya daina zuwa kasuwa.

Wanda bai zauna da kafinta ba ba zai san yawan lokacin da washi ke ci ba. Da farko da dutse yake yi, wani baƙin dutse mai laushi da ya yi wa gida na katako. Ya ɗiga mai, ya kwantar da ƙarfen, ya yi ta kai da kawowa. In baki ya dushe kawai, aikin ɗan lokaci ne. Amma in ƙarfe ya ci karo da ƙusa a cikin tsohon katako ya yi giɓi, sai a wuni ana gugar dutse ba a kai ga cire giɓin ba. Bayan yaƙin basasa wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya zai koma garinsu ya sayar masa da injin washi na hannu. Dutse ne zagaye kamar faranti, ana ɗaure shi a bakin tebur, yana da mariƙi. In ka juya mariƙin sau ɗaya dutsen ya juya sau da yawa, tartsatsi na tashi. Aikin wuni guda ya koma aikin da ake gamawa kafin tuwo ya nuna.

Wasu kan juya da hannu ɗaya su riƙe ƙarfe da ɗayan. Baban Ladi ya ce ƙarfen filen hannu biyu yake so, in ba haka ba baki ya karkace. To dole wani ya juya masa. Yaranmu na makaranta, kuma ba ya son su kusa da tartsatsi. Sai aikin ya faɗo kaina. Ranar Asabar da safe in na gama shara, in ɗaure zane da kyau in tsaya a gefen tebur in kama mariƙi.

A nan na koyi abin da ya zama dalilin wannan rubutu. Inji yana da sauri, amma yana sa ƙarfe zafi, kuma zafin nan yana kashe ƙarfe. Bakin ƙarfen siriri ne, yana ƙonewa tun kafin ɗumi ya kai yatsun mai riƙe da shi, don haka ba a jira a ji a hannu, launi ake kallo. Da farko baki zai yi ruwan zuma. A nan ake ɗagawa a tsoma a gwangwanin ruwa. In aka yi sakaci zai yi ja-ja, daga nan ya koma shuɗi kamar rinin baba. Da zarar ya yi shuɗi an gama. Zai yi kaifi a yatsa, amma ya yi laushi, in ya hau katako mai tauri sai bakin ya lanƙwashe. Ba magani sai a cinye duk inda ya ƙone har a kai ga lafiyayyen ƙarfe.

Shekarun farko shi ke kallon launin da kansa. Wata Asabar ya ce mini, "Maman Ladi, ke ce a gefen haske. In kin ga ya fara canzawa ki ce ruwa." Na ji daɗi, na ɗauka girma ya ba ni. Daga ranar haka muke yi. Ni ina juyawa, idona a kan bakin ƙarfe, in na ga ruwan zuma in ce, "Ruwa." Ya tsoma, ƙarfe ya yi ɗan cuu, ya ɗago mu ci gaba. Ban da wannan kalma ba mu cika magana a wurin ba.

Maƙwabcinmu Malam Garba mahauci, wanda kakanninsa suka daɗe a kasuwar garin nan, shi ma yakan kawo wuƙaƙensa. Ya zauna a kan guntun katako yana kallonmu yana tsokana.

"Kafinta, ka dace. Ka samu leburan da ba ya zuwa yajin aiki."

Ni kuwa ba na bari ta wuce. Na ce, "Malam Garba, naman da ka ba ni jiya sai da na zo na wasa haƙorana a injin nan kafin na iya taunawa."

"Wannan ai laifin mai dafawa ne. Kafinta, faɗi gaskiya tsakaninka da Allah."

Baban Ladi ya ce, "Ni hannuna na kan ƙarfe. Ku ƙare ku biyu."

Yau a bakin titinmu akwai samari masu walda. Injinsu na lantarki ne, ƙararsa har cikin ɗakina, tartsatsi na zuba kamar ana sheƙar hatsi. In na fito shan iska nakan zauna ina kallonsu. Idona har yanzu garau yake, ina zura zare a allura ba tabarau, don haka daga inda nake ina hango ƙarfe yana ruwan zuma, yana ja, yana shuɗi, ba wanda ya damu. Sau da yawa sai in ji bakina ya ce "ruwa" ban sa shi ba. Ranar farko wani daga cikinsu ya kashe inji ya ce, "Mama, ruwa kike so?" Ya ruga ya sayo mini na leda. Na karɓa na sha na sa masa albarka. Ban san ta inda zan fara yi masa bayani ba.

Na daɗe ban gane dalilin da ya sa Baban Ladi ya miƙa mini kallon launi ba. A hankali abubuwa suka riƙa fitowa. Ya daina ja wa katako layi da fensir, sai da tsinin wuƙa, don yatsa ya bi. In na ajiye buta a gefen hanya sai ya yi tuntuɓe da ita. A sujada yana riƙe da littafin waƙa, yana rerawa daidai, amma ba ya juya shafi. Abin da ke gabansa tsaf yana gani, abin da ke gefe kuwa kamar babu shi. Malam Garba ne ya fara faɗa da baki. Ya tare ni a hanyar kasuwa ba wasa a fuskarsa, ya ce, "Maman Ladi, jiya na miƙa wa maigida hannu ta gefe, ya bar ni da hannu a iska. Ba halinsa ba ne. Akwai asibitin ido a Kano, ki lallaɓa shi."

Na lallaɓa. Na yi ta sigar wasa, na yi ta sigar kuka, na sa yayarsa ta zo daga ƙauye ta yi masa magana. Amsarsa ɗaya ce. "Ido na lafiya. Ranar da aka ji kafinta ya hau jirgi zuwa asibitin ido, washegari aikin ƙofa ya koma hannun wani. Wannan magana ta ƙare."

Sai muka ci gaba a haka, ba tare da ya taɓa cewa ba ya gani ba. Ni ke karanta masa lambar awo in ce kamar ina koyo ne. Ni ke duba ko ƙofa ta tsaya daidai in ce kamar sha'awa nake yi. Aiki kuwa yana fita da kyau, domin hannunsa bai manta komai ba. Mutanen gari ba su sani ba. Sana'arsa da sunansa suka rataya a kan abin da na gaya masa na gani, shi kuma bai taɓa tambayata sau biyu ba. In na ce ruwa ya tsoma, in na yi shiru ya ci gaba.

Abin da ya tsorata ni ya faru ne wajen tsallaka layin dogo. Yana dawowa daga sayen ƙusa, kan jirgi na tahowa a hankali ta gefensa yana jan taragu, bai gani ba, ga hayaniyar tasha. Wata mai sayar da rake ce ta fizgo rigarsa. Ita ta ba ni labari, shi bai faɗa ba. Na kwana biyu ina juya abin a raina. Magana ta ƙi ci. Na ce a zuciyata, mutumin nan ba zai yarda ba sai abin ya taɓa aikinsa.

Asabar ɗin da ta biyo baya ƙarfen filen ya yi giɓi, ya kawo shi inji. Na kama mariƙi na juya kamar kullum. Baki ya yi ruwan zuma. Na gani sarai, na riƙe bakina. Ya yi ja-ja, hannuna bai tsaya ba, ina jin ma na ƙara sauri. Na ga shuɗi ya fito daga kusurwa ɗaya yana hawa yana faɗi, har ya kai faɗin yatsa. Fuskarsa a sake take, yana jiran kalmata. Sai da zafi ya kai masa yatsu ya tsoma da kansa, ruwan ya yi ƙara mai tsawo wadda ba mu saba ji ba. Ya ɗan karkata kai. Ya gyara bakin a kan baƙin dutse, ya mayar cikin filen, ya ɗora a kan wani katakon maɗaci. Turawar farko ta yi kyau. Kafin a jima filen ya fara tirjewa yana yagar katako. Ya zare ƙarfen ya shafa bakin da babban yatsa. Ya daɗe yana shafawa.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Tun yana ja?"

"Tun yana ruwan zuma."

Ya ajiye ƙarfen a kan tebur a hankali, kamar abin da zai fashe. Ya ce, "Ni ban gani ba." Wannan ne karo na farko da maganar ta fito daga bakinsa. Na zaci zai yi faɗa, na shirya wa faɗan. Sai ya ce, "Ki haɗa kaya. Mu je Kanon naki."

Muka hau jirgi muka je. Likitan ya duba shi da kyau, ya yi mana bayani ta bakin wata nas. Ciwo ne mai cin jijiyar ido daga gefe yana matsowa tsakiya, abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Ya ba da magani na ɗigawa, ya ce zai iya rage masa sauri. Na tambaya, da mun zo bara fa? Ya ce wataƙila. Wannan kalma guda na ƙone ƙarfen ogansa na samo.

Abin da Baban Ladi ya faɗa tun farko kuwa shi ya faru. Kafin mu sauka a tashar Kafanchan labari ya riga mu isa gida. Ba wanda ya yi mana mugunta. Mutane suka yi ta zuwa sannu, matan zumuntar majami'a suka kawo abinci kamar an yi rasuwa. Dattawan ikilisiya suka zo da kansu suka ce ƙofofin sabon gini da aka yi masa alkawari sun ba wani, don kada su wahalar da shi. Ya yi musu godiya, ya raka su har bakin hanya. Aiki ya koma kujerun tsugunno da gyaran ƙafar tebur, sai akwatin gawa in masu rashin ba su da hali.

'Ya'yana sun san wannan labari, ban ɓoye wa kowa ba. Ladi, wadda ta zama nas har ta yi ritaya, takan ce, "Mama, da ba ki yi haka ba jirgi zai taka shi." Ƙaninta kuma yakan ce akwai hanyoyi da yawa ban da wannan. Ina jin dukansu suna da gaskiya. Abin da na sani shi ne, mutum ya ba ni idonsa ajiya, na yi amfani da ajiyar don in tilasta masa, ko da don alherinsa ne.

Bai taɓa ɗaga mini murya a kan haka ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki buhu ya rufe injin, ya ɗaure da igiya. Yana cin abincina ya ce an gode. Muna addu'a tare da safe. Yana tsayawa in ɗiga masa magani a ido. Amma a rumfa ya daina tambayata komai. Ya sassaƙa sanda ya yi mata tsaga-tsaga yana awo da ita. In yana neman cizal ya gwammace ya lalubi bango duka da ya ce in miƙo. Yatsunsa suka cika da yanka. In na tsaya a bakin rumfa sai ya ce, "Maman Ladi, ba wani abu, je ki huta." Na fi shekara biyu ina wannan hutu.

Duk yamma in ya tashi daga aiki, sai ya ɗauko ƙonannen ƙarfen ya zauna da baƙin dutsensa, ya ɗiga mai, ya fara ci da hannu. Dutsen mai laushi ne, na gyaran baki ne, ba na cin ƙarfe ba. Abin da inji zai cinye kafin a gama gaisuwa, shi sai ya yi wata yana bi. Ina ɗakin girki ina jin sautin, shaa, shaa, ba sauri ba tsayawa. Malam Garba ya ce zai sa a nemo masa sabon ƙarfe daga Kaduna. Ya ce akwai maƙeri a kasuwa da zai iya mayar wa wannan ƙarfinsa a wuta. Baban Ladi ya ce, "Na gode, Malam. Ba sabo nake nema ba." Malam Garba ya dube ni, na dubi ƙasa. Ranar ko tsokana bai yi ba.

Sautin nan bai bar ni ba. An rushe rumfar tuni, jikana ya gina ɗakuna a wurin. Amma wani lokaci da la'asar, in gida ya yi tsit, nakan ji shi daga wajen da fiyar take, sai in sami kaina na rage motsin ludayi ina saurare. Na san tsintsiyar maƙwabta ce, ko iska a kan kwano. Sanin bai hana ni tsayawa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin nan yau. Ƙofofinsa na maɗaci yawanci an cire su an sa na ƙarfe, domin abubuwan da ƙasar nan ta gani a baya sun koya wa mutane tsoro, Kirista da Musulmi duka. Ina jin wannan zai fi ba shi baƙin ciki fiye da rashin ƙofofin. Kafintocin yanzu inji ke fere musu katako, in baki ya dushe su kwance su jefar su sa wani. Ba na jin zai zage su, ba mai zagi ba ne. Zai ce a miƙo masa, ya shafa da yatsa, su kuma su tsargu. Ciwon idonsa yanzu ana gano shi da wuri ba sai an je Kano ba, Ladi ta sa duk zuriyarmu suna zuwa awo. Wannan kam zai ce an ci gaba, ko da yake na san da kyar za a kai shi.

A damina ta ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Gani kuwa saura ɗan haske a tsakiya kamar ta ramin ƙusa. Ya daina karɓar aiki, amma bai daina zama da dutsen ba, sai dai yana yi yana hutawa. Wata safiya bayan an ɗauke ruwan sama ina shanya kaya, na ji ya ce, "Maman Ladi." Na zo bakin rumfa na tsaya inda na saba tsayawa. Ya ce, "Shigo." Ya miƙo mini ƙarfen. Ya gajarce ƙwarai. Na juya bayansa, sai na ga duk tsawon lokacin nan bai taɓa goge bayan a kan dutse ba, ta gaba kawai yake ci. Launin ƙunar na nan inda bai kai ba.

Ya ce, "Duba mini. Da sauran shuɗi?"

Na kai shi gefen haske. Ya cinye kusan duka. A kusurwa ɗaya kawai saura ɗan ɗigo, bai fi ƙwayar acca ba. Na dubi ɗigon, na dubi mutumin da ke zaune yana haki, hannuwansa a kan gwiwa. A irin ƙarfin da ya rage masa, ɗigon nan aikin makonni ne, kuma ban ga alamar yana da makonnin ba. In na ce babu, zai ajiye dutse ya huta, ya tafi da sanin ya gama. Wa zai ƙaryata ni? Kalmar ta riga ta hau harshena. Na buɗe baki da niyyar faɗinta.

Na ce, "Da saura. Kaɗan, a kusurwar hagu."

Har yau ban san abin da ya juya harshen ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na ji shi a katako tun shekaranjiya. Wajen nan ne ke lanƙwashewa." Ya mayar da numfashi. Sai ya nuna wajen tebur da haɓa ya ce, "Kwance buhun nan."

Igiyar ta ruɓe, da na ja sai ta tsinke. Na share ƙura, na ɗiga mai a haƙoran injin, na cika gwangwani. Na taimaka masa ya miƙe ya jingina da tebur. Na kama mariƙi. Da ƙarfe ya taɓa dutse na ce ruwa. Ya tsoma. Ya sake ɗorawa, tartsatsi bai gama tashi ba na ce ruwa. Ya tsoma. A karo na gaba ya tsaya da ƙarfen a hannu ya ce, "Maman Ladi, washi muke yi ko wanka?" Muka yi dariya har tari ya kama shi. Kafin rana ta take ɗigon ya tafi. Ya gyara baki a kan baƙin dutse, ya tura filen a kan guntun maɗaci, ɓawon katako ya fito dogo, siriri, yana naɗewa. Ya ɗauka ya murza a yatsa. Bai sake wani aiki da filen ɗin ba. Kafin a fara haƙar citta ya rasu.

In an tambaye ni abin da ya rage na Baban Ladi, ba zan nuna benci ko ƙofa ba, waɗannan gara da zamani sun raba su. 'Ya'yansa sun gaji taurin kansa da tsabtar aikinsa, wannan kowa na gani. Abin da ya bar mini ni kaɗai shi ne safiyar nan, kuma ba kullum take zo mini da daɗi ba. Shirun da na yi a bakin inji na daɗe da sanin nauyinsa, na saba da ɗaukarsa. Abin da ke sa jikina sanyi har yau shi ne yadda na kusa cewa babu. Tausayi ne ya sa na yi shiru a karon farko, tausayin nan dai shi ne ya ɗora mini ƙarya a harshe a karo na biyu. Shi kuwa ya riga ya san amsar kafin ya tambaya. Da na faɗa, da ya ce to, ya gode, ya ajiye ƙarfen, buhun ya zauna a ɗaure, ni kuma in rayu shekara arba'in da biyar ina zaton na yi masa alheri.

Bai taɓa cewa ya yafe mini ba, ni ma ban taɓa roƙa ba, mutanen zamaninmu ba mu iya irin wannan magana ba. Na san dai da ya tashi tafiya, ni ya kira in gaya masa ko gari ya waye. Na leƙa na ce bai waye ba tukuna, amma gabas ta fara fari. Ya ce to, bai sake tambayar kowa ba.